Rauta Mai Sa Ido

Injiniya na zaune tana saita sabuwar manhaja, Manaja kuwa ya tsaya mata a kai har turarensa na hawa mata kai. Ita ce mai kula da kwamfutocin wannan reshe na kamfaninsu, kuma yau an sa ta ɗora wa rauta, na'urar da ke raba musu intanet, manhajar sa ido.

"Ina son in ga kowa," in ji Manaja. "Wa ya buɗe me, kuma yaushe. Rahoton ya riƙa tafiya hedikwata kai tsaye, su san ba barci muke yi ba."

"Yallaɓai, da dai mun fara dubawa mu kaɗai tukuna."

"Ke dai danna abin da na ce."

Ta danna. Ta sa wa kowace waya da kwamfuta sunan mai ita, ta kunna ƙararrawar da za ta yi tsuwa idan wani ya buɗe bidiyo. Kafin a tashi, Manaja ya tara ma'aikata ya yi musu dogon jawabi a kan riƙon amana, yana nuna rautar da ke saman kabad tana ƙyafta koren ido.

Jawabin ya shiga. Washegari kowa ya cire wayarsa daga intanet ɗin ofis. Akanta ya koma kallon ƙwallonsa da datar kansa, waya a cikin durowa. Sakatariya ta kwashe cinikin jakunkunanta zuwa bakin taga, inda sabis ya fi ƙarfi. Har saƙon aiki da wayoyinsu suke turawa, don ba mai son sunansa ya fito a allo. Ƙararrawa ba ta taɓa yin tsuwa ba. Manaja ya dinga zagaya ofis yana hura hanci.

Ana haka aka kira shi daga hedikwata. A tsaye ya amsa wayar, yana rusunawa. Da ya gama sai ya kira Injiniya ya turo ƙofa.

"Sun ga rahoto," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wai tunda ba ma amfani da intanet, za a yanke shi. Wai kuma reshen da ba ya buɗe komai, anya yana aiki? Za su duba ko ana bukatar manaja a nan. Da injiniya."

Injiniya ta tuna gida. 'Ya'ya biyu ne a hannunta, ga mahaifiyarta ba lafiya.

"To mu kashe manhajar mana."

"Ina. Ta burge su. Duk rassa za a sa wa."

Ta bi ma'aikata tebur-tebur tana roƙon su dawo kan intanet ɗin ofis. Akanta ya dube ta ta saman tabarau. "Ƙanwata, me na yi miki da kike son a kore ni?"

Sakatariya ta kama hannunta. "Anti, ki rufa mini asiri. Wannan ai tarko ne."

Da roƙo ya ƙi ci, sai ta shiga sito ta karkaɗe tsofaffin kwamfutocin da aka jingine. Ta jona su da rauta, ta raɗa musu sunayen ma'aikata har da na Manaja, ta kunna wa kowace fim mai dogon zango a intanet. Sannan ta koma cikin saiti ta kashe ƙararrawa, inda aka rubuta bidiyo ta mayar da shi horon ma'aikata. Manaja na tsaye a bakin ƙofa yana kallon silin, don kada a ce ya gani.

Ƙarshen wata hedikwata ta yaba wa reshen. Ba a taɓa ganin ma'aikata masu ƙishin ilimi irin waɗannan ba, ko hutun cin abinci ba sa yi. Aka gayyaci Manaja ya je ya yi wa sauran rassa lacca.

Ranar tafiya ya leƙo sito da sabuwar kwat. Ya tarar da Injiniya ta jawo kujera gaban kwamfutar da ke ɗauke da sunansa.

"Injiniya, idan sun tambaye ni, me muka koya ne?"

Ba ta ɗauke ido daga allo ba.

"Yallaɓai, an dai gano likitan ne ya sauya jariran. Amma uwar ba ta sani ba tukuna."