Jirgin Kyaftin Badaruddeen

Duk wanda ya taɓa aiki da Kyaftin Badaruddeen a filin jirgin Abuja ya san mutum ne da ba a yi masa gyara. Rilwanu ya fi kowa sani, don ƙanen mahaifiyarsa ne, a gidansa ya tashi, kuma shi ya tsaya masa har ya zama mataimakin matuƙi. To, ranar nan sai tsautsayi ya sa Rilwanu ya ce masa, a gaban Justina mai kula da lodi, kankanar Zuba da aka loda ta yi wa bayan jirgin nauyi. Aka gyara lodin, amma Kawu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce tunda malam ya fi shi sani, kada ya sake jin bakinsa har Legas.

Kuma da gaske yake. Ƙa'ida ita ce kafin tashi matuƙa biyu su duba komai tare, ɗaya na kira ɗaya na amsawa. Rilwanu ya fara kira, Kawu ya kaɗa masa hannu kamar mai korar ƙuda. Ƙararrawar gargaɗi kuwa ya daɗe da kashe ta, wai ta cika ƙarya. Rilwanu ya daina kiran, zuciyarsa na tafasa. Wallahi a lokacin nan tsanar mutumin yake ji, tsana sosai.

Hasumiya ta ba su izini, Kawu ya danna totur, jirgi ya kwasa a guje kan titin da ruwan yamma ya jiƙa. Sai idon Rilwanu ya faɗa kan sandar filaf, wato gefen fukafukin da ake saukewa don jirgi ya iya ɗagawa. Tana sama, ba wanda ya taɓa ta. Da wannan lodin, ko sun bar ƙasa dawowa za su yi, kuma ba da rai ba.

Ya faɗa. Kawu ko waiwaye. Ya sake faɗa da ƙarfi, aka ce masa ya rufe baki.

Shi ke nan, Rilwanu ya fizge totur baya, ya take birki iya ƙarfinsa. Tayoyi suka fashe, jirgi ya zarce ƙarshen titi, ya kafa hanci a laka. Rai dai bai salwanta ba.

Babu irin zagin da Kawu bai yi masa ba. Ya kira shi butulu, ya kira shi matsoraci, ya rantse sai ya ga an karɓe lasisinsa, daga yau ya koma tuƙin tasi a Wuse. Ana cikin haka sai shi ma ya ga sandar.

Motocin kashe gobara na tahowa da jiniya. A hankali Kawu ya miƙa hannu zai sauke ta, don in masu bincike sun shigo su tarar da komai daidai, a ce yaro ne ya firgita ya halaka jirgi a banza.

Rilwanu ya damƙe masa wuyan hannu. Tunda yake bai taɓa ko haɗa ido da shi ba.

"Sake ni. Ni na raine ka."

"Na sani, Kawu," in ji Rilwanu, hawaye na zubo masa, bai kuma saki ba. "Bar ta inda ka bar ta."