Hannun Malam Ɗanburam

Kellumi ta ajiye kwanon burabisko a gefen dama na mijinta, ta koma bakin ƙofa ta zauna, ta harɗe hannuwa kamar wadda ta zo kallo.

Malam Ɗanburam ya dubi kwanon, ya dube ta. Wata uku ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma tun daga ranar bai ɗaga ko buta da kansa ba. A gidansu na unguwar Karewa dattijo ba ya wahala ana kallo. A ba shi a baki, a yi masa alwala, a sa masa hula. Da hagu kuwa ya ce ba zai ci abinci ba ko sama za ta faɗo.

Jiya a asibiti, Zipporah mai gashin ƙashi ta murza yatsunsa da suka fara ƙanƙancewa, ta ja Kellumi gefe, ta yi mata magana da Hausarta ta 'yan koyo.

"Mama, wannan ladabi naku ne yana kashe hannun. Ka bar shi ya yi da kansa. In ya ƙara wata biyu haka, ya sandare ke nan."

Maganar ta zauna wa Kellumi. Mutumin da ya goyo uwarsa daga Bama, ya keta daji da ita lokacin da 'yan bindiga suka ci garin, shi ne za a bari cokali ya gagare shi? Ta ji tausayinsa har cikin ranta, amma ta riga ta yanke shawara.

Yayarsa Kaltume, wadda ta zo daga Vinikilang dubiya, ta miƙe tana gyara mayafi.

"Kellumi, lafiyarki kuwa? Miji na kwance ki ajiye masa abinci kamar baƙo? Kawo in ba shi."

"Yaya, ki yi haƙuri ki zauna. Yau da kansa zai ci."

"Au, gajiya kika yi da shi?"

Wannan ta yi wa Kellumi zafi, amma ba ta motsa ba.

"Kellumi," in ji Malam, harshensa na nauyi, "zo ki ba ni."

"Ga shi nan kusa da kai, Malam."

"Ni kike... gaya wa haka?"

"Kai fa. Miyar ma tana hucewa."

Shekara talatin da huɗu da aurensu ba ta taɓa mayar masa da magana ba. Idanunsa suka kaɗa, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya yunƙura, ya ture kwanon da ƙarfi, miyar yakuwa ta malale a kan tabarma.

Kaltume ta hau salati. Kellumi kuwa dariya ta kama ta, ga hawaye na zuba.

"Kin haukace ne?" in ji Kaltume.

Kellumi ba ta kula ta ba. Ta matso ta durƙusa a gabansa.

"Malam, da wane hannu ka ture kwanon?"

Ya sunkuyar da kai. Miya ta ɓata yatsun hannunsa na dama har wuyan hannu. Ya ƙura musu ido.

"Akwai saura a tukunya?" ya tambaya a hankali.

Ta tashi ta zubo wani, ta ajiye a daidai inda na farko yake.