Ranar da Malam Tukur Ya Kusa Hana Ɗansa Manaja

Shekara biyu da ba mu jihar Zamfara, kamfanin gurzar audugar da nake kai wa kaya a Gusau ya ce zai buɗe reshe a Bungudu, ana neman manaja. Mannir, ɗan abokina Malam Tukur na Kucheri, ya daɗe yana akawu a wurin. Ya koma jami'a ya yo digiri na biyu kan sha'anin kasuwanci, wanda suke kira Em-Bi-E. Ni dai allo kaɗai na yi, amma na ga aikin takardar, don tun da ya dawo da ita masinja ya fara ce masa "ranka ya daɗe".

Babban manaja, Mista Nathaniel, baƙo ne daga Kudu, mutumin kirki, mai bin diddigi. Ya ce takarda ta yi, saura hali. Ya haɗu da Malam Tukur a kasuwar Tsafe, ya tambaye shi yaya ɗansa yake.

Abin da bai sani ba, Mannir ɗan fari ne. A wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya yabe shi a gaban mutane. Malam Tukur ya kau da kai ya ce, "Wanga yaro? Mi ya sani? Yawon boko dai."

Washegari Nathaniel ya tare ni, fuska ba walwala. "Alhaji, uban da ya haife shi ma bai yarda da shi ba. Ni zan ba shi reshe?"

Na ga bayani ba zai shiga ba. Na ce ya tayar da mota mu je Kucheri.

Muka iske Malam Tukur a zaure yana gyaran igiyar shanu. Bayan gaisuwa na gyara zama na ce, "Malam, gaskiyarka ce. Yaron nan ba ya da kai. An ce ma takardar tasa sayenta ya yi."

Igiya ta faɗi ƙasa.

"Wa ya ce? Kai, Alhaji, da furfurarka! Yaron da ya riƙa tafiya makaranta duk Juma'a a bayan motar hatsi, ya dawo Litinin ya kama aiki? Wa ya hana mu sayar da auduga a gona, ya haɗa mu ƙungiya muka kai ta da kanmu? Kai ba ka ci ribar ba? Duk ƙasar Tsafe a nuna min kamarsa!"

Sai ya tuna da baƙo. Ya ɗauki igiyarsa, ya ce a kawo fura.

Nathaniel ya riƙe dariya har muka fita kwalta, sannan ya sake ta, sai da ya tsayar da mota a gefen hanya.

Aka ba Mannir Bungudu, da babur sabo da ofis mai fanka. Da na kai wa Malam Tukur albishir, bai ko ɗago ba.

"To," ya ce. "Allah ya sa wancan ya iya."

Da yamma aka ga ya ja babban ragonsa zuwa wurin mahauci a yanka don walima.