Koren Dutsen Direba

Shagon ɗaki biyu ne a ƙasan benen da iyayen Yaya suke zaune. A ɗakin gaba akwai akwatunan gilashi cike da sarƙoƙi da zobba da 'yan kunne. A na baya kuma akwai injin yanka dutse da na huda shi, da wani bokiti wanda ruwansa kullum fari ne fat kamar an jiƙa alli a ciki. Aikin a rabe yake tun da daɗewa. Baba ne ke yanka duwatsu, ya goge, ya huda. Babbar 'yarsa, wadda kowa har masu saye ke kira Yaya, ita ke zana fasalin kaya, ta ɗaura dutse a azurfa. Ƙaninta Dogo shi ke ɗaukar hoto ya ɗora a waya, ya yi ciniki da bakinsa mai zaƙi. Inna ba ta saukowa sai da shayi ko da faɗa, wani lokacin da duka biyun.

Abin taƙamarsu guda ne: ba sa sayar da kwalba ko roba da sunan dutse. In mai saye ta nuna shakka, Baba sai ya ce, "Ɗora a kumatunki. Kin ji sanyi? To wannan daga ƙasa ya fito."

Wata rana da hantsi wata mata ta shigo, doguwa, mai maganar sanyi. Ba ta kalli akwatunan ba. Ta kwance hankici a gaban Yaya, sai ga wani koren dutse kamar girman dabino, gefensa ya yi sumul saboda yawan taɓawa. Ta ce mijinta direban babbar mota ne. Wani mai haƙar ma'adinai da ya taɓa rage wa hanya ne ya ba shi dutsen, shi kuma ya yi shekaru yana yawo da shi a aljihun riga. Bara ya yi hatsari ya rasu, a asibiti aka miƙo mata dutsen tare da makullan motar.

"'Yarmu za ta gama makarantar jinya," in ji matar. "So nake ta rataya shi a wuya ranar. Amma don Allah kada a lulluɓe shi da ƙarfe. Ina son ta riƙa taɓa inda ubanta ya taɓa."

Yaya ta kai dutsen bakin taga, ta duba da gilashin ƙara girma. Zumurrudu ne na gaske, amma wata siririyar jijiya, wato ɓoyayyiyar tsaga, ta ratsa shi daga sama har kusan tsakiya. Ta zana wa matar ɗan ƙaramin marfi na azurfa wanda zai kama kan dutsen kawai, ba sai an huda ba. Matar ta ce ya yi, ta tafi.

Fitarta ke da wuya Baba ya leƙo daga ɗakin baya. "Marfin me? Huda ɗaya, a zura sarƙa, an gama. Ba abin da ta roƙa ke nan ba?"

"Baba, akwai jijiya."

"Ni za ki nuna wa jijiya? Tun kina goye nake huda irinsa."

Yaya ba ta ja ba, don ta san jan magana da Baba ƙara masa ƙaimi yake. Ta sa dutsen a aljihun teburinta da niyyar ta gama marfin kafin ya sake tunawa. Washegari aka bugo daga makaranta cewa 'yarta na zazzaɓi, ta bar komai ta fita a guje.

Da ta dawo bayan azahar, tun daga bakin titi ta ji shirun shagon. Inji ba ya kuka. Dogo na tsaye a ƙofa ya harɗe hannu, ko barka da dawowa bai ce ba, sai ya nuna mata ɗakin baya da haɓa. Baba na zaune a kujerarsa, hannuwansa a kan gwiwa. A kan jiƙaƙƙen tsumma, dutsen direba ya rabe uku.

Ta ɗauki babban ɓarin ta duba. Bakin hudar ya sauka daidai kan jijiyar, wurin da ko ɗan koyo zai kauce wa.

"Dutsen ne ruɓaɓɓe," Baba ya ce, bai ɗago ba.

Dogo ya jawo ta ɗakin gaba, ya rage murya. "Yaya, ki saurare ni. Akwai gam ɗin da ko ke ba za ki ga sawunsa ba. Ki faɗaɗa marfin ya rufe wurin. Ko kuma in nemo mai kama da shi, kore ai kore ne."

"Ta shekara tana riƙe da shi a hannu. Kana ganin ba za ta gane ba?"

"In ta gane sai mu ce gugar inji ce. In kuwa kika faɗa mata, gobe duk gari ya ji mun fasa dutsen mamaci. Wa zai sake ba mu ajiyar ko tsakuwa?"

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne maganar ta shige ta. Har ta koma ɗakin baya ta ɗauko gam ɗin, ta haɗa ɓarin biyu a tafin hannunta ta ga yadda suka zauna lafiya lau. Tana cikin haka Inna ta sauko da shayi, ta miƙa wa Baba kofi ta gefen hagunsa. Kofin na nan dab da kafaɗarsa, tururi na tashi, shi kuwa yana kallon gaba, bai san da shi ba. Sai Inna ta zagayo da sauri ta gabansa, kamar wadda ta saba, ta danƙa masa a hannu.

Yaya ta ajiye gam ɗin. Ta bi mahaifiyarta har matakalar bene.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Idon Baba."

Inna ta zauna a kan matakala, farantin shayi a cinyarta. Ta ce tun kafin bara likita ya gaya masa hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma kamar mai leƙe ta cikin bututu yake gani. An ba shi maganin ɗigawa, ya ɗiga na ɗan lokaci ya watsar, wai yana sa masa yaji. Ya kuma rantsar da ita kada yara su ji.

"Kika bar shi a kan inji? Da yatsansa ne fa?"

"To in ɗaure shi? Ke kin san ubanki. Ki raba shi da injin nan, me ya rage masa? Ni dai abin da nake roƙonki, kada ki kunyata shi gaban mutane."

Yaya ta buga wa matar waya a ranar, ta ce ta zo akwai magana. Dogo ya ji ta, ya ɗauki makullin babur ɗinsa ya fita ba sallama.

Matar ta zo da safe. Yaya ta shirya kalamanta tun a hanya, ta yanke cewa za ta ce ita ce ta yi kuskuren. Amma tana buɗe baki sai ga Baba ya fito daga ɗakin baya, sanye da rigarsa ta fita, yana laluben gefen akwati da hannu.

"Baiwar Allah, ni ne," ya ce. "'Yata ta ce kada a huda, na huda. Duk dutsen da kike so a shagon nan ki ɗauka."

Matar ta daɗe tana kallon ɓarin ukun. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba, kuma Yaya ta gwammace a ce ta yi. Ta sa yatsa ta juya ƙaramin ɓarin.

"Motar ta murƙushe, ƙirjinsa ya karye," ta ce a hankali. "Dutsen nan ko ƙwarzane bai yi ba. Sai da na kawo shi wurin masu sana'a."

"Zan iya yi mata 'yan kunne da ƙananan," in ji Yaya, "babban kuma..."

"A'a. Kun taɓa ya isa."

Ta tattara su a hankicinta, ta ƙulle, ta fita. Baba ya ci gaba da ba da haƙuri yana fuskantar inda take tsaye ɗazu, sai da Yaya ta riƙe hannunsa ta ce ta tafi.

Abin da Dogo ya hango bai kuskure ba. Matar ba ta yaɗa ba, amma ƙanwarta ta rubuta labarin a waya, har da hoton ƙofar shagon. Wata ta zo ta karɓe murjanin kakarta da ta kawo a sake shiryawa. Wata amarya ta fasa odar sarƙa. Masu wucewa suka riƙa rage tafiya suna leƙe, ba sa shigowa. Dogo ya daina zuwa da wuri, daga baya ya daina zuwa gaba ɗaya. Sai ji Yaya ta yi ya kama rumfa a babbar kasuwa shi da wani abokinsa, suna sayar da duwatsun kwalba masu sheƙi, kuma shafin shagon na waya ya tafi da shi, ya sauya masa suna. Da ta same shi a can, bai ɓoye ba.

"Ina da iyali, Yaya. Gaskiyarki ba za ta saya wa yarana takalmi ba."

"Da hotunan aikina kake tallar kwalba?"

"Zan sauke," ya ce. Bai sauke ba.

Mafi wuya kuma yana gida. Bayan duk abin da ya faru, Baba ya ci gaba da saukowa kowace safiya yana kunna inji. Ran da Yaya ta ga jini a kan tsumma, ya naɗe babban yatsansa yana ɓoyewa a aljihu, ta jira ya hau bene cin abinci, ta kwance wayar wutar injunan biyu ta sa a jakarta.

Ya sauko ya danna makunni, shiru. Ya sake dannawa. Ya bi jikin injin da hannu har ya iske inda wayar take a da.

"Wa ya cire?"

"Ni ce, Baba."

"A shagona?"

"A shagonka. Ba zan mayar ba sai mun koma wurin likita, kuma ko mun koma ba kai za ka zauna nan ba."

Bai taɓa dukanta ba tun tana ƙarama, amma ranar ta ga hannunsa ya ɗaga har ya tsaya a iska. Ya sauke shi, ya juya, ya buge kafaɗarsa da ƙofa, ya hau bene. Inna ta yi kwanaki ba ta aiko da shayi ba.

Likitan ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tsare ɗan ragowar. Yaya ce ke zuwa safe da yamma ta ɗiga masa maganin. Yakan ɗaga kai ya buɗe ido, ta ɗiga, ya goge, in ta gaishe shi ya amsa a taƙaice. Bayan wannan ba ya ce mata komai.

Shagon ya koma mutum ɗaya. Ta rage akwatunan gaba zuwa guda, ta riƙa kai duwatsu wurin wani mai huda a ƙetaren gari, wanda ke dawo mata da su a karkace. Da abin ya ishe ta, wata safiya ta mayar da wayar injin, ta ɗebo tsakuwoyi marasa daraja ta zauna a kujerar Baba. Ba ta taɓa huda dutse ba a rayuwarta. Na farko ya tsage. Na gaba ya kuɓuce ya daki bango.

Sai ta ji takun silifa a matakala, a hankali, hannu na goge bango. Baba ya tsaya a bakin ƙofa.

"Tun daga sama nake jin kina azabtar da injin nan," ya ce. "Dannawa kike kamar mai kashe kunama."

Ta miƙe za ta ba shi kujera. Ya girgiza kai, ya laluba ya jawo wani tsohon akwati ya zauna a gefenta.

"Ba wai na huce ba ne," ya ce.

"Na sani, Baba."

"Ƙaninki ya bugo?"

"Bai bugo ba."

Ya murza yatsan da ya yanke. Sannan ya ce ta sassauta kafaɗa, ta bar bakin hudar ya ci da kansa. Ta gwada. Dutsen ya yi ɗan ƙara, ya rabe biyu a hannunta.

"Ɗauko wani," in ji Baba.