Hannun Inna Luba a Bangon Mujalla

Iliyasu ya saɓa buhun masarar a kafaɗa, bai yi taku goma ba ya dire shi yana haki. Shekara ashirin bai ɗauki abin da ya fi biro nauyi ba. Ni Nababa na ba shi shekara goma sha biyar, amma nawa buhun da hannu ɗaya na ɗora shi a ka. Yunwa uku na gani a ƙasar nan, na binne waɗanda suka fi ni ƙiba, ban taɓa zama a aji ba, kuma babu abin da ya faru ranar da ya wuce idona.

Shekarar ce damina ta ɗauke gero yana ɗauke da ciki. Daga nan har Ɗambatta gonaki sun yi fari. Motar agaji kuwa ba ta san hanyar garinmu Tsamiyar Dabo ba sai da Iliyasu ya nuna mata, don shi ne editan wata mujalla a Kano. Da tallan jarida ya fara a tasha, ya koma mai duba kurakurai a maɗaba'a, ya zama ɗan rahoto, har aka ba shi kujerar. Sau biyu ana tsare shi saboda rubutu, yana fitowa ya koma inda ya tsaya.

Sati uku kafin nan ya zo duba mahaifiyarsa, Inna Luba. Duk abin da ya aiko takan raba wa gidajen da ke da ƙananan yara, ta aika masa cewa rumbunta cike yake. Kullum da la'asar ana jin taɓaryarta, kafin magariba hayaƙi ya tashi daga gidanta. Ranar da ya zo ya leƙa turmin, ya ga ƙaiƙayi. Ya ɗaga faifan da ke kan tukunya, ya ga ruwa zalla yana tafasa. Tana juya muciya a ciki ya ɗauki hoto.

Ya yi aikinsa yadda ya iya shi. Ya yanke hoton daga wuyan hannu, babu fuska, babu suna, ya buga shi a bangon mujallar. Birni ya ɗauka, manya suka ji kunya, aka turo mota. Abin da ya manta, mutanen birni ne suke gane mutum da fuska. Mu nan mun san ɗan yatsan Inna Luba da ya lanƙwashe tun ranar da taɓarya ta same shi tana amarya. Rabin matan garin da hannun nan aka yi musu wankan jego. Direban motar ya zo da mujallar, ta zaga layin rabon abinci hannu zuwa hannu, babu wanda ya iya karanta harafi ɗaya, babu kuma wanda bai gane ba. Mata suka sunkuyar da kai. Inna Luba tana can bayan layi, ta zo kallo ne ma, in ji ta. Aka miƙo mata, ta duba, ta mayar, ta juya gida.

Ni na kama masa buhun muka kai tsakar gidanta. Tana zaune a kan tabarma, ta sa hannun a ƙarƙashin mayafi. Ya durƙusa ya yi ta bayani: buhu ɗari uku aka kawo, yaran maƙwabciyarta Sakinatu da suka kumbura za su tashi, shi kansa an riga an aiko masa takardar sallama daga aiki saboda hoton, kuma ko yau aka ce ya sake zai sake. Ta bar shi ya gama.

Ta ce, “Ka kyauta, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka, yara za su ci.”

“To Inna, ki tashi a ɗora.”

“Tun rasuwar ubanka hayaƙi bai taɓa yankewa a gidan nan ba. Ran da akwai, ran da babu, ni da Ubangijina muka san abin da ke cikin tukunya. Kai kaɗai na bari ka ɗaga faifan.”

Ya ce ai bai nuna fuskarta ba. Ta zaro hannun ta duba shi kamar na wata.

“Da fuskar ka nuna. Ita kowa yana ganinta.”

Na sa baki, don ni ba a yin magana a garin nan ban sa baki ba. Na ce yunwa ba abin kunya ba ce, ni na ci ganyen da akuya ta ƙi. Ta ce, “Kai Nababa ai har a kasuwa kake faɗa.”

Iliyasu ya tashi da kansa ya kwance bakin buhun, ya haɗa kara a murhu, ya ɗauko ashana. Ta ce ya ajiye. Ta sa muka kai buhun gidan Sakinatu, ta ɗauki tukunyar ta wanke ta tas, ta kife a bakin rumbu.

Motar Kano ta ƙarshe tana tashi bayan la'asar. Bai shiga ba. Ya zauna a dakalin ƙofar gida da mujallar a cinyarsa, ya kife bangon. Gari ya cika da ƙarar daka, irin wadda rabon da mu ji ta wata huɗu. Kafin a kira magariba hayaƙi ya tashi daga kowane gida a Tsamiyar Dabo, daga gabas har bakin rafi. Iliyasu ya ɗaga kai yana duban saman katangar uwarsa, nan ne kaɗai babu hayaƙi. Ya daɗe yana duba.