Daga Wa Ka Ɗauko, Malam?

Shekara goma sha bakwai Malam Hamidu ya yi yana tafsirin azumi a ƙofar masallacin Bebeji, kullum bayan La'asar, a kan wani farin buzu da malaminsa ya bar masa. Duk garin an san shi da ƙa'ida ɗaya: ba ya faɗin magana a kan buzun nan sai ya ambaci wanda ya ji ta daga bakinsa. In ɗalibi ya kawo masa wani zance, tambayarsa ta farko ita ce, "Daga wa ka ɗauko?"

A ƙarshen azumin 1954, mai jan baƙi ya kawo ayar da ke maganar halittar sammai da ƙasa a kwana shida ba tare da gajiya ba. Malam ya fassara, sannan ya ƙara da cewa Yahudu da Nasara duk sun ce Ubangiji ya gaji ne, shi ya sa ya huta. Jama'a suka yi a'uziyya. Daga can baya sai Wada Soja, wanda ya je yaƙin Bama ya dawo yana sayar da kananzir, ya yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya."

"Bisimilla, Wada."

"Shekara uku na yi tanti ɗaya da Nasara. Mun yi gardama a kan komai, har a kan gishirin miya. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce Ubangiji ya gaji ba. Malam daga wa ya ɗauko?"

Wasu suka yi masa tsawa, wani ya ce soja bai san ladabin karatu ba. Malam Hamidu ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya bi malamansa a zuci ɗaya bayan ɗaya. Abin da magabata suka ruwaito game da wasu Yahudawan wancan zamani ne, wannan ya san inda ya same shi. Amma Nasara, da kuma "duk" ɗin da ya sa, bai ga wanda ya ba shi su ba.

"Ban ɗauko daga kowa ba," in ji shi. "Ka ba ni zuwa azumin baɗi."

Bayan an gama girbin dawa, labari ya bazu cewa Malam zai tafi kudu, wajen Tudun Wada, wurin wani Mainasara, Bamaguje da ya shiga addinin Nasara yana karantar da mutanen gidansu. Liman Mudi, wanda shi ke da ikon cewa wane zai hau buzun tafsiri, ya aika aka kira shi zaure.

"Malam Hamidu, abin da nake ji gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Allah gafarta Liman."

"Saboda maganar mai kananzir? Ka ce an ce, mana. Kowa haka yake yi."

"Shekara goma sha bakwai ina hana yara cewa an ce. Yau in fara da bakina?"

Liman ya daɗe yana jan carbi. "To, ji nan. In ka je, ba zan hana ka zama ranar farko ta azumi ba. Za ka yi wa jama'a bayani. In ban gamsu ba, ranar ce ta ƙarshe, in ba Malam Sale tafsirin ya ci gaba."

"Na yarda," in ji Malam Hamidu. Washegari ya naɗe buzunsa, ya ɗaure a kan jaki tare da buta da gafaka da ɗan buhun gero, ya kama hanya.

Kwana biyu ya yi. Ya wuce Tudun Wada ya bi hanyar Doguwa, inda duwatsu suke fara fitowa, har wata mata mai itace ta nuna masa gidan. Babban gida ne irin na Maguzawa, rumbuna sun fi ɗakuna yawa, ga wata 'yar bukka a gefe da gicciyen kara a samanta. Mainasara ya fito daga sussukar dawa, ƙaiƙayi har a girarsa. Mutum ne ɗan kimanin shekara arba'in, gajere, mai faɗin kafaɗa. Da ya ga rawani sai ya zube ƙasa.

"Allah gafarta Malam, sannu da zuwa. Lafiya dai? Ko daga wurin Hakimi ne?"

"Lafiya lau. Karatu na zo ɗauka."

Mainasara ya waiga ko akwai wani a bayansa. Matarsa Asabe, wadda ta kawo ruwa a ƙwarya, ta tuntsire da dariya.

"Wurin wannan? Malam, mutumin da ko awakinsa bai iya ƙirgawa daidai ba?"

"Ke, shiga ciki," in ji Mainasara, amma shi ma dariyar yake.

Malam ya yi masa bayani a tsanake: tambayar Wada, alƙawarin da ya ɗauka, da sharaɗin Liman. Fuskar Mainasara ta yi haske. Ya tambaya a hankali ko Malam ya zo karɓar hanyarsu ne.

"A'a, Malam Mainasara. Sallata tana nan, alƙiblata tana nan. So nake in ji abin da kuke cewa daga bakin mai shi, don kada in sake ɗora muku abin da ba ku ce ba."

"To, wannan ai mai sauƙi ne. Bari in wanke hannu in buɗe maka wurin a littafinmu, kafin Magariba mun gama."

"Ba haka ake karatu ba. Gobe da safe."

Da safe, a gindin wata tsamiya, Malam Hamidu ya warware buzunsa ya shimfiɗa, ya cire takalmi, ya koma gefe ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa. Mainasara ya iso da littafinsu a hannu, baƙar fata ce bangonsa, duk gefen ya lanƙwashe. Ya tsaya yana kallon buzun.

"Hau," in ji Malam.

"Ni? Allah gafarta Malam, so kake mutanen gidan nan su ce na haukace? Ubana bai taɓa zama daidai da mai rawani ba, balle sama da shi."

"Mai ba da karatu shi ke hawa buzu."

"To mu zauna a ƙasa mu duka."

"In muka zauna daidai, hira muka yi. In na koma Bebeji na ce na ji a hira, Wada ma a hira ya ji nasa. Me na fi shi?"

Suka yi ta ja-in-ja har rana ta ɗaga. Asabe ce ta raba gardamar, daga bakin madafa.

"Kai, mutum ya yi kwana biyu a hanya don ya ba ka wurin zama mai laushi, kana ta ƙi. In ba ka so, ni in zo in hau."

Mainasara ya hau, a ɗarare, kamar wanda ya zauna kan ƙwai. Malam ya jawo takarda da tawada, domin bai iya boko ba, ya ce kafin a buɗe littafi yana da tambaya: daga wa Mainasara ya ɗauko?

"Daga Malam Yohanna, mutumin ƙasar Zazzau, a makarantar mishan. Shekara uku."

"Shi kuma fa?"

"Daga wani Bature tsoho da ya karanci harshen da aka fara rubuta littafin da shi. Sunansa bakina ba ya iya kamawa."

Malam ya rubuta haka nan da ajami, har da cewa sunan bai kamu ba.

Aka fara daga farkon littafin. Mainasara ya karanta layi huɗu ko biyar, Malam ya ce ya isa na yau. Ya rubuta, ya biya masa, Mainasara ya gyara masa wuri biyu. Haka suka yi ta yi kullum. Mainasara ya so ya tsallake zuwa gaba, Malam ya hana. Da Azahar Malam ya koma bayan rumbu ya yi sallarsa, ba wanda ya ratsa gabansa. Ranar da Asabe ta kama zakara, wuƙa ta miƙo wa Malam ta ce ya yanka da kansa, don kada ya koma gida ya ce sun bar shi da kunu.

A rana ta bakwai suka iso wurin da ya kawo Malam. Mainasara ya karanta cewa an gama halitta, rana ta bakwai kuma ta zama ta hutu, aka keɓe ta.

"To ga shi," in ji Malam. "Me malamanku suka ce a kai? Gajiya ce?"

"Ni ma na tambayi Malam Yohanna haka. Ya ce a'a. Ya ce aiki ne ya cika, babu saura, aka tsaya, aka kuma ba mutum ranar don shi ne mai gajiya. Sannan ya buɗe mini wani wuri."

Ya juya shafuka da yawa zuwa tsakiyar littafin, wurin maganar wani annabi, inda aka faɗa a fili cewa Mahalicci ba ya kasala. Malam ya sa ya maimaita sau uku. Ya rubuta, ya biya.

"Saura Yahudu. Su me suke cewa a yau?"

Mainasara ya sosa ƙeya. "Wannan rabin littafin nasu ne tun asali, haka aka gaya mana. Amma ni, Malam, ban taɓa ganin Bayahude da idona ba. In na gaya maka abin da malamansu ke cewa, ƙarya zan yi."

Malam Hamidu ya ajiye alƙalami ya dube shi sosai. "Ka cancanci buzun nan," in ji shi.

Azumi ya kama da zafin bazara. Ranar farko ƙofar masallaci ta cika fiye da kullum, har da waɗanda ba su taɓa zuwa tafsiri ba. An riga an yi ta cewa Malam ya sha giya a can, wasu suka ce an yi masa wankan shiga addinin Nasara a rafi. Malam Sale yana zaune kusa da Liman da littattafansa a cinya. Malam Hamidu ya shimfiɗa buzu ya zauna. Bai ce a ja baƙi ba.

"Bara na faɗi magana a nan. Abin da magabata suka ruwaito yana nan, ban taɓa shi ba. Amma na ƙara Nasara daga bakina, na kuma ce dukansu. Wada ya tambaye ni. Ga amsarsa. Na ji daga Mainasara, manomi, a ƙasar Tudun Wada, shi kuma daga Yohanna mutumin Zazzau, shi kuma daga wani Bature da ba a riƙe sunansa ba, cewa ba su ce Ubangiji ya gaji ba, littafinsu ma ya kore masa gajiya. Muna da saɓani da su a manyan abubuwa, kun san su, yana nan. Wannan dai ba ya ciki. Na janye."

Guna-guni ya tashi. Mutum huɗu suka miƙe suka kaɗe riga suka tafi.

"Yahudawan yanzu fa, Malam?" in ji Wada daga baya.

"Ban sami wanda zan ɗauka a wurinsa ba. Don haka ba zan ce komai a kansu ba."

Liman Mudi ya gyara zama. "Malam Hamidu, an ce mini buzun da kake kai yanzu ka shimfiɗa wa mutumin nan, kai ka zauna a ƙasa."

"Haka ne, kwana bakwai."

"Buzun malaminka."

"Shi ya koya mini cewa mai ba da karatu ke hawa. Bai ce sai ɗan Bebeji ba."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Liman ya miƙa hannu, Malam ya ba shi takardun. Ya karanta a hankali, yatsansa yana bin layi, har ya zo wurin da aka rubuta cewa sunan Baturen bai kamu ba. Nan ya daɗe. Ya ɗago ya dubi jama'a.

"Maganar nan ni ma na faɗe ta a huɗuba, ba sau ɗaya ba. Da Wada ni ya tambaya, da na sa an fitar da shi." Ya mayar wa Malam takardunsa, ya juya wajen Malam Sale. "Rufe littattafanka, Malam Sale, ka matso ka ji karatu."

Sannan ya dubi mai jan baƙi. "Kai kuma me kake jira? Rana na tafiya."

Malam Hamidu ya sa takardun a gafaka, ya gyara zama a kan buzun. Mai jan baƙi ya yi bisimilla, ya ɗauko daga inda aka tsaya bara.