Hannun Damaris

Tun da aka binne mijinta, babu wanda ya ƙara kusantar Damaris Pell. Ko a coci benci yakan yi mata yawa, matan ƙauyen suna ja da baya kamar mai ƙazwa. Laifinta bai wuce zama ita kaɗai a bakin daji ba, tana hira da kajinta. To da wa za ta yi? Kaɗaici ya ci ta ya cinye, amma mutanen nan masu kwana da Littafi Mai Tsarki a ƙirji ba su taɓa leƙa ta ba. Sai da Keziah 'yar maƙeri, yarinyar da uwarta ta rasu bara, ta fara faɗuwa tana shure-shure tana kiran sunan tsohuwar, sannan aka tuna akwai wata Damaris a garin.

Aka ce mayya ce, aka kama ta. Ranar shari'a ɗakin taro ya cika maƙil, har da masu leƙe ta taga. Kowa ya san gwajin. Za a ɗaure wa wadda ake zargi ido, a ɗora hannunta a jikin yarinyar. In yarinyar ta lafa, wai maitar ce ta koma jikin mai ita, sai a rataye ta da igiya. In ta ci gaba da ihu, a sallami tsohuwa ta koma gida.

"Matar Pell, kin ji sharaɗin?" in ji alƙali.

"Na ji, ranka ya daɗe. Kunnena ƙalau, haƙora ne dai suka gudu suka bar ni."

Wata daga baya ta ɗaga murya: "Ku ji ta fa! Bakin nan ne zai kai ki, tsohuwar banza."

Damaris ta gane muryar. "Ke Tabitha, ranar da naƙuda ta kama ki ba haka kika kira ni ba."

"A yi mana shiru!" in ji alƙali.

Aka ɗaure mata ido da ƙyalle. Damaris ba wawuya ba ce, ta riga ta shirya abinta tun a kurkuku. Da zarar an ɗora hannun, za ta mintsini yarinyar ta yadda babu mai gani, ihu ya ƙaru, ita kuma ta tsira da wuyanta. Ba ta son mutuwa. Ko rayuwar da babu mai yi maka sallama, tana sonta.

Dogari ya ja ta, ya ɗora tafinta a wuyan Keziah. Ta haɗa yatsu biyu za ta mintsina, sai ta ji zafi rau, jikin yana ɓari, ƙasusuwa duk a waje. Wannan ba wasan yara ba ne. Can sai wasu 'yan yatsu masu gumi suka damƙe nata, wata 'yar murya ta fito ƙasa-ƙasa:

"Iya, tsoro nake ji. Kar ki sake ni."

Ba ma ita ake kira ba, Damaris ta san haka. Uwar da ke kabari ake kira. Ta tsaya cik, tausayi ya rufe ta, kuma ta san sarai abin da zai biyo baya. Ta buɗe yatsunta, ta shafa goshin yarinyar, ta gyara mata gashin da ya manne da gumi.

"Ya isa, 'yata. Ya isa haka. Ga ni nan."

Shure-shuren ya ragu. Numfashi ya daidaita a hankali, har kan yarinyar ya kwanta a hannunta.

Ɗaki ya kaure. Masu kiran sunan Ubangiji na yi, masu cewa "Mayya ce, mun faɗa!" na yi, muryar Tabitha ta fi ta kowa. Alƙali ya yi ta dukan tebur kafin a saurara masa.

"Matar Pell, kin san abin da kika jawo wa kanki?"

"Na sani, ranka ya daɗe," in ji ta, ƙyallen na nan a idonta. "Don Allah ku rage murya. Barci ya ɗauke ta."